Dariyar Bayan Lisha

Akwai wani abu da kowa ke yi a ƙauyukanmu, babba da yaro, mace da namiji, amma in ka tambayi dattijo amfaninsa sai ya kau da kai ya ce maka, "Ai wannan shiririta ce." Abin nan kuwa shi ne zaman hira da dariya bayan an ci tuwon dare an yi sallar lisha. To, ni dai ban yarda cewa shiririta ce ba. Nufina a nan in bi da mai karatu ta cikin wasannin ban dariya da muka gada da waɗanda zamani ya kawo mana, mu yi musu shiƙa kamar yadda mata ke yi wa hatsi, mu ga wanne ne tsaba, wanne ne ƙaiƙayi.

Mu fara duba ƙasar da ake dariyar a cikinta. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi, ko ya ratsa ƙasar Minjibir da Dawakin Tofa, ya san babu daji a nan. Gona ce ke bin gona, gida na hangen gida, ba a barin ƙasa ta huta ko da shekara guda, sai dai a yi ta ciyar da ita da taki. Abin da ya raba gonarka da ta maƙwabcinka bai wuce layin gamba ko shingen lalle ba. Akuyarsa ta san hanyar yabanyarka, kajinka sun san inda matarsa ke shanya gero. Maƙwabcin nan kuwa ba baƙo ba ne. Ko ɗan baffanka ne, ko surukinka, ko wanda kake bi tiya biyu ta dawa tun bara. Ba ka da inda za ka gudu ka bar shi, shi ma ba shi da inda zai gudu ya bar ka. Mutanen da suka zauna a matse haka tilas su nemi wata hanya ta faɗa wa juna abin da ke ransu ba tare da an kai gaban dagaci ko alƙali ba. Da za a buɗe rajista a rubuta ƙararrakin da suka mutu a dakalin ƙofar gida saboda an mai da su wasa, da ta fi kundin harajin nan da aka soke a Jihar Kano a 1979 kauri.

Me ya sa sai da dare? Domin da rana manomi ba shi da bakin dariya. Tun daga ruwan shuka har a gama maimai fartanya ce ke magana. Da kaka ga girbin gero, ga cirar gyaɗa, ga roron wake. Da rani ga kai taki gona, ga gyaran danga, wasu kuma sun tafi cin rani. Sai duhu ya rufa, ciki ya ɗauka, sa'an nan harshe ke sakuwa. Duhun ma yana da nasa taimako, gama maganar da ba ka iya faɗa wa mutum ido cikin ido da hantsi, kana iya jefa ta cikin taro da dare. A misali, wani ya ci kunya biyu daga gonar ɗan'uwansa ya haɗa da tasa. Da dare ana hira sai wani ya ce, "Kai, bana gonar Malam wane ta yi albarka, har faɗi take ƙarawa da kanta." A fashe da dariya, shi ma ya yi tasa ta dole. Gobe da sassafe sai a tarar iyaka ta koma wurinta, ba wanda ya kira shaida, ba wanda ya biya kuɗin ƙara. Masu iya magana sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Wanda ake da shi ma ya sani.

Daga nan na ɗauko mudun da zan yi awo da shi. Duk wasan ban dariya da za mu duba, tambaya ɗaya zan yi masa: shin wanda ake yi wa dariyar yana iya zama a wurin ya yi tare da jama'a, ya kuma rama in ya ga dama? In yana iyawa, wasa ne mai gyara. In kuwa sai dai ya sunkuyar da kai ya sulale, ba shi da bakin ramawa, to, an fita daga wasa an shiga cin mutunci, ko da jama'a sun yi dariya har da hawaye.

Makarantar farko ta ban dariya a ƙasar Hausa ɗakin tsohuwa ne. Can ake tatsuniya, kuma ita ma dokarta dare. Ana tsorata yara cewa wanda ya yi ta da rana zai ɓata. Duba fa wanda aka ba wannan aiki. Tsohuwa ce, wadda ba ta da gona ba ta da sarauta, wadda da rana ba a jin muryarta sai wajen korar kaji. Amma da dare ita ce ke ara muryar sarki, da ta zaki, da ta alƙali, ta sa jikoki su yi musu dariya. Gwarzon tatsuniya kuma wane ne? Gizo, ɗan ƙaramin abu mai tsamin baki, rago, makwaɗaici, maƙaryaci. Shi ne ya ba giwa bakin igiya, ya ba dorina ɗaya bakin, kowacce tana tsammani da Gizo take ja. Yaro ya ji wannan ya gane cewa girman jiki ba shi ne wayo ba, kuma babba ma ana iya yi masa dariya. Sai dai tatsuniya ba ta barin Gizo ya sha haka nan. Ranar da ya je sata gona ya tarar da mutum-mutumin danƙo, ya mare shi hannu ya manne, ya shure shi ƙafa ta manne, ranar nan shi ake yi wa dariya. Wannan adalci na tatsuniya shi ne abin da na fi yabawa a cikinta. Yau Gizo ya ci, gobe an ci shi, kuma ba yaron da ke zaune a gaban tsohuwa da bai san akwai ɗan Gizo a cikin cikinsa ba.

Wani Bature, Frank Edgar, ya sa malamai sun rubuta tatsuniyoyi masu yawa, aka buga su littafi uku tsakanin 1911 da 1913. Aiki ne mai kyau, ya tsare mana abin da da ya salwanta. Amma wanda ya karanta tatsuniya a takarda ya san rabinta ya samu, domin tsamin bakin Gizo da gurnanin kura ba su hawa takarda. Wanda ya fi kowa gane yadda za a sa takarda ta yi hira shi ne Alhaji Abubakar Imam. Mai karatu ya tuna yadda aka gina littafin farko na Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937. Sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa yana so ya fita ya bi sawu, Waziri kuwa ya shirya masa mugunta a waje. Ba dogari ne ya tsare yaron ba, ba ƙofa ba ce. Aku ne, da labari, dare bayan dare, har gari ya waye. Ban san wani marubuci da ya ɗaga darajar hirar dare sama da haka ba, watau ta riƙe saurayi mai zafin jini a gida har haɗari ya wuce. Duk uban da ke da samari a gida ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Wasan barkwanci ba sai na tsawaita ba, kowa yana da abokin wasa. Taubashi da taubashiya, jika da kaka, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe. Abin lura a nan shi ne an raba haƙƙi daidai: ka faɗa masa, ya faɗa maka, kuma wanda ya yi fushi shi ne ya fāɗi. Har akwai kuɗin shara da abokan wasa ke karɓa a watan cika-ciki, kamar ana sabunta yarjejeniya kowace shekara. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin gadon al'adun duniya a 2014. Mu kuwa muna da ita a kowane zaure, muna ce mata shiririta.

Yanzu mu zo ga Tashe, wanda a ganina shi ne babban wasan kwaikwayon dare na ƙasar nan, tun ba a san rediyo ba. In azumi ya kwana goma, bayan an sha ruwa an yi asham, sai yara su fito ƙungiya ƙungiya suna bi gida gida, a ba su ɗan hatsi ko 'yan kuɗi. Kayan wasan duk daga gona da bola suke: kara, da auduga, da tsumma, da baƙin tukunya, da tsohuwar ƙwarya. Ga yaro ya manna gemun auduga, ya naɗa rawanin tsumma, ya rungumi allo, ya zama malam. 'Yan'uwansa suna tuhumarsa da cewa an gan shi yana rawa, shi kuwa yana ta musu, har daga ƙarshe kiɗa ya ɗebe shi ya taka a gaban kowa. Ga wani ya sha ɗaurin saiwoyi da ɓawon itace ya zama Jatau mai magani, ba cutar da ba ya warkarwa. Ga wani ya hau dokin kara yana sukuwa yana hura hanci kamar mai sarauta. 'Yan mata kuma suna kwaikwayon zaman aure, ɗaya ta zama amarya, ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji.

Mai karatu ya dubi jerin nan da kyau: malam, da boka, da mai doki, da maigida. Waɗannan su ne mutanen da yaro ba ya iya ɗaga ido ya kalla wata goma sha ɗaya. A 'yan kwanakin nan kaɗai aka ba shi izni, kuma ba a ɓoye yake yi ba, har ƙofar gidan malamin ake zuwa a yi, malamin ya yi murmushi ya sa hannu a aljihu. Wannan kyautar da yake bayarwa ita ce ramuwarsa, da ita yake nuna cewa ya fi ƙarfin abin ya ɓata masa rai. Wasan ya cika mudu har ya yi tozo. Kuma ba malanta ake zagi ba, riya ake zagi, watau mutum ya hana abu a fili ya yi shi a ɓoye.

Akwai dai wanda nake ɗan ja da baya a kansa, shi ne tashen gwauro. A birnin Kano har sarki gare shi, Nalako, Sarkin Gwagware, wanda ke farautar mazan da aurensu ya mutu a zagaya gari da su ana kiɗa. Ana cewa ma asalin sunan Tashe daga nan yake, daga tashin gwauro ya yi sahur, tun da ba shi da matar da za ta tashe shi. In an kama mai saurin saki, wanda ya kori matarsa a kan gishirin miya, madalla, ya sha abin da ya dama. Amma wanda matarsa ta rasu, ko wanda talauci ya raba shi da iyali, da me zai rama? A nan wasa ɗaya ne, amma wani ya dace da shi, wani an zalunce shi, sai masu yi su san wanda za su kama.

Gwanayen sana'ar kuwa su ne 'yan kama. Ɗan kama ba ya da zance sai na abinci. Zai ɗauki muryar fitaccen mawaƙi, ya bi karin waƙarsa daidai ba kuskure, amma inda mawaƙi ke yabon sarki ko jarumi, shi tuwo yake yabo, da miya, da nama, da fura. Ko kuwa ya gyara zama kamar malami mai karatu, ya yi ta jan murya yana fassara, jama'a su kasa kunne, ashe duk babin a kan loma ne. Wani Bature mai suna Gidley ya rubuta bayanin wannan sana'a a 1967, ya kira su gwanayen ban dariya na Hausa, kuma bai yi ƙarya ba. Ana iya cewa, to, mene ne abin yabo ga ƙato ya tsaya yana waƙar tuwo? Amsa tana wurin wanda ya san watan Agusta a ƙauye, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ana auna tsaba da tafin hannu. Dattawan da suka ga farin 1973 sun fi kowa sanin wannan. Yunwa ita ce abin da manomi ya fi tsoro, kuma ita ce abin da kunya ta hana shi ambata. Bahaushe ya gwammace ya kwana da ita da ya ce yana jin ta. Ɗan kama sai ya ɗauki wannan abin tsoro da abin kunya ya aza a kansa, ya ce shi ne mayunwaci, shi ne makwaɗaici, ba shi da aiki sai hangen hayaƙin gidan biki. Kansa ya fara kayarwa kafin ya taɓa kowa. Sa'an nan a cikin dariyar kowa ya hango wani da ya sani: baƙon da ba ya zuwa gaisuwa sai an sauke tukunya, da mai addu'ar da tsawonta ke bin girman ƙwaryar sadaka. Ba a kama sunan kowa ba, amma an gama da kowa. Ni a wurina ba a yi ban dariya da Hausa da ya fi wannan gwaninta ba, kuma abin baƙin ciki ne yadda masu yinsa suka ƙaranta.

Na san akwai malamai da ke ƙyamar duk wannan, suna cewa yawan dariya yana kashe zuciya. Gaskiya ne an yi gargaɗi a kan yawanta, kamar yadda aka yi gargaɗi a kan yawan ci, ba kuwa wanda ya ce a daina cin abinci. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin raha da sahabbansa, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya. Ɗalibai sun san labarin tsohuwar da ya ce wa tsofaffi ba su shiga Aljanna, ta tashi hankalinta, sa'an nan ya bayyana mata cewa da ƙuruciya za a shiga. Abin da aka hana a aya ta 11 ta Suratul Hujurati shi ne izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Ashe iyakar nan da muke nema an daɗe da shata ta, ba tsakanin dariya da ɗaure fuska take ba, tsakanin raha da wulaƙanci take.

Da rediyo ya shigo, sai dandali ya sami kishiya, amma kishiya ce mai zaman lafiya, gama akwati ɗaya ne a unguwa, kowa a gindinsa yake taruwa. Malam Shu'aibu Maƙarfi ya yi wasanni irin su Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, aka ji su a rediyo, aka kuma buga su littafi. Bayansa aka yi su Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017. Amma wanda na fi so mu tsaya a kansa shi ne Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja Mazan Fama, ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba 2023. Banufe ne, kuma ya taɓa aikin soja da gaske. A tuna lokacin da wasansa ya yi tashe, watau shekarun 1970 da 1980: an fito daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, soja sun cika garuruwa, galibin shekarun nan ma su ke mulki, talaka in ya hango kaki sai ya sake hanya. A wannan hali mutum ya fito a rediyo da talabijin yana Hausar bariki, rabi Hausa rabi Turancin da ya karye, yana daka wa kurata tsawa, in ya ga na gaba da shi kuma ya ƙame ya sara. Talaka ya sami damar yi wa kaki dariya a cikin ɗakinsa, soja kuma ya ga kansa ya yi dariya, domin nasu ne ke yi, ya san abin daga ciki. Samanja ya rage wa mutane tsoro bai ƙara musu ƙiyayya ba, kuma wannan abu ne mai wuyar haɗawa.

Sai Rabilu Musa, watau Ibro, ɗan Ɗanlasan ta ƙasar Warawa, wanda ya rasu a watan Disamba 2014. Ba a yi ɗan wasan da ƙauye ya so kamarsa ba. In an sa fim ɗinsa a gidan kallo, janareta na ruri, har waɗanda ba su da kuɗin shiga suna leƙe ta jikin zana. Baiwarsa ba abin musu ba ce. Fuskarsa kaɗai ta isa, kafin ya buɗe baki an fara dariya. Inda ya fi kyau shi ne inda ya fito baƙauye ya shiga birni, ana ganin wawa ne, wautar tasa kuwa ita ke tona asirin ɗan birni mai zamba, da ɗan sanda mai neman na goro, da alhaji mai rowa. A nan Gizo ne ya dawo cikin riga da hula, kuma manomi yana kallo yana jin an rama masa. Amma in za a faɗi gaskiya, fina-finan camama, nasa da na masu bin sawunsa, sun yi yawa ƙwarai, wasu kamar a kwana biyu aka harhaɗa su, kuma in dabara ta ƙare sai a koma ga abin da ya fi sauƙi: a yi wa mai in'ina dariya, ko wada, ko kurma, ko a mai da baƙauye jaki tsantsa wanda ba ya cin kowa ko sau ɗaya. Mai in'ina yana zaune a gidan kallon nan, a kan benci ɗaya da kai. Gobe yara za su bi shi da abin da suka gani, kuma da wane baki zai rama? Wannan shi ne ƙaiƙayin, ko da wane ne ya yi shi.

Kada a zaci mu kaɗai muka san dariyar dare. A Amurka akwai wani shirin talabijin, The Tonight Show, da aka fara a 1954, ana sa shi wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare. Wani mai suna Johnny Carson ya riƙe shi shekara 30, daga 1962 zuwa 1992. Mai shirin yakan fito ya bi labarun ranar ɗaya ɗaya yana zolaya, har shugaban ƙasa ba ya tsira, mutane su yi dariya su kwanta. Abin da ya kama hankalina shi ne, duk da kuɗinsu da na'urorinsu, sai sun tara mutane a ɗakin da ake ɗaukar shirin, don wanda ke kallo a gida ya ji dariyar wasu. Sun gane dariya ba ta son kaɗaici. Wani malamin jami'a a can, Robert Provine, ya bi diddigi ya tarar mutum ya fi yin dariya cikin jama'a ninki 30 bisa ga in yana shi kaɗai. A Jami'ar Oxford ta Ingila kuma an yi gwaji, aka wallafa sakamakonsa a 2011, aka ga waɗanda suka yi dariya tare sun fi jure zafin ciwo bayanta. Wanda ya wuni a duƙe yana noma, ya zo dakali da ciwon baya, ya tashi ya manta da shi, bai bukaci jami'a ta gaya masa ba.

A nan ne nake jin tsoron wayar hannu. Yanzu saurayi yakan kai wayarsa shagon caji a tura masa wasanni, ko ya shiga TikTok da Facebook, ya toshe kunnuwansa, ya kwanta yana ƙyaƙyatawa shi kaɗai. Ban ce babu gwanaye a cikin masu yin waɗannan gajerun wasanni ba. Akwai su, wasu ma jikokin 'yan kama ne a hikima ko ba su sani ba. Amma dariyar da aka yi a kaɗaice ba ta mai da iyakar gona wurinta. Ba ta shirya ka da ɗan baffanka, domin ba ya wurin. Kuma wanda aka ɗauki hotonsa ba da saninsa ba, tsoho ko mai taɓin hankali, aka watsa duniya tana dariya, ba ya ma san inda zai je ya rama ba. Inda na ga waya ta yi amfani shi ne wurin mai shayi, in an jingina ta da gwangwanin madara mutum goma sun kewaye ta, ana kallo ana sa baki, wani ya ce, "Wallahi wannan kamar wane." Nan ta koma rediyon da.

Saura masu iko. Su ba su rasa bakin ramawa ba, nasu ma ya fi na kowa girma. Abin dubawa shi ne da me suke ramawa. Sarakunan da suna ajiye wawan sarki a fada, suna ciyar da shi, don a sami mutum ɗaya da zai faɗi abin da fadawa ba su iyawa. A 2008 wata kotun tafi-da-gidanka mai aiki da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta ɗaure Ibro wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko, shi da ya yi shekaru yana aikin gandiroba kafin ya shiga wasa. A watan Nuwamba 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala 20 kowannensu, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu kwana 30, saboda wasan da suka yi a TikTok a kan gwamnan lokacin. Ba a nan kaɗai ba. A Masar ma wani likita, Bassem Youssef, da ya yi suna wajen zolayar shugabanni a talabijin da dare, tilas ya rufe shirinsa a 2014. Ban ce ɗan wasa ya fi ƙarfin shari'a ba, ƙazafi ƙazafi ne ko da dariya aka yi shi. Amma a gwada wannan da malamin da yara suka zo ƙofar gidansa da gemun auduga ya sa hannu a aljihu, a ga wanda ya fita da girmansa.

Tashen ma bai tsira ba. A shekarun baya-bayan nan 'yan sandan Jihar Kano sun sha ba da sanarwar hana shi, saboda 'yan daba da ke fakewa da shi su yi ƙwace da sara a unguwannin birni. Dalilin ba ƙarya ba ne, wanda aka ƙwace wa waya da wuƙa ba zai ji daɗin kiɗan gwangwani ba. Sai dai cutar ta birni ce, a ƙauye kuwa kowane yaro an san ubansa. Ina ganin da dagatai da masu unguwanni za su nemi izni, a bar ƙananan yara su yi tsakanin asham da ƙarfe goma, cikin unguwarsu, da babba ɗaya yana biye da su, da ba a yi hasara ba. Ku kuma da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, alƙalami ya zauna a hannunku, ga aikin da ba mai yi muku. Ku sami tsofaffin unguwa tun suna da sauran numfashi, ku tambaye su wasannin da suka yi suna yara, ku rubuta sunan kowane wasa, da kayan da ake sawa, da yawan masu yi, da wanda ake kwaikwaya, da abin da ake ba su. In akwai tsohon ɗan kama a kasuwarku, a fara da shi. Littafin rubutu mai shafi 40 ya isa wasannin unguwa guda, in an ƙanƙanta rubutu.